Yadda Kula Ta Riga Ni Isa Naraguta

Tun da na dawo 'yan ajinmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ya tare ni a bakin ɗakin karatu ya ce wai da gaske ne na kwana a ƙauye bayan Bukuru, wancan ya ce me ya sami ƙafata nake ɗingishi. Ni kuwa kun san ni, idan idanu suka yi min yawa maganar tsaya min take yi a wuya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai sani ba, bayan karatu ina aiki a gonar kajin Hajiya Talatu a Naraguta. Da na idar da sallar asuba a Laranto nake fita, in hau keke napep zuwa Farin Gada, in sake hawa wani zuwa gona. In zuba abinci, in wanke kwanukan ruwa, in kwashe dusar katakon da ta jiƙe in shimfiɗa sabuwa, sannan in wanke jikina a bakin rijiya in wuce lakca. Da yamma in sake komawa. Duk wannan tsari a kan keke yake tsaye. Ranar da keke ya yi wuya, ko kaji su jira ni da yunwa, ko malami ya rufe ƙofa ina waje.

A makon da abin ya faru mai ya yi wuya a gari, motoci sun fi yawa a layin gidan mai fiye da kan titi. A wannan makon ne kuma cutar gumboro ta shiga gonar da ke maƙwabtaka da mu. Kullum da safe muna jin ƙaurin kajin da suke ƙonawa. 'Yan tsakinmu kuwa sun kai kwanakin da ake ba su rigakafi, kuma Hajiya bayan ta sayar da tsofaffin kajinta duk abin da ta samu a kan 'yan tsakin nan ta zuba. Ta ce ba za ta sayi rigakafin a shagunan cikin gari ba, domin an kwana biyu babu wuta, kuma babu mai shagon da zai gaya maka firjinsa ya kwana a kashe. Wannan magani idan ya ji zafi mutuwa yake yi, ba a kuma ganewa da ido. Sai ka ba kaji ka saki jiki, cuta ta zo ta kwashe su. Saboda haka ta ce in je Vom in karɓo daga inda ake yinsa. Motar mijinta na layin mai tun jiya, don haka motar haya zan bi.

Na tsara komai yadda na saba. Na ɗauki kula, wato robar nan mai riƙe sanyi, na cika ta da ƙanƙarar da za ta kai ni magariba, na ƙara kaɗan saboda tsautsayi. Ina fitowa daga lakcar safe na nufi tashar mota ta Taminus.

A nan na fara gane ranar ba tawa ba ce. Da bas ta tsaya sai mutane su yi mata caa, wasu ta taga suke jefa jaka su kama kujera. Ni ban iya turereniya ba. Ina tsaye ina ba mutane hanya har motoci da dama suka cika suka tafi. Daga ƙarshe wata mata mai goyo ce ta kama hannun rigata ta ja ni ciki, tana cewa in na ci gaba da wannan ladabi a nan zan yi sallar idi. A Bukuru ma haka muka zauna jiran motar Vom. Na isa wurin da ake yin rigakafin ana shirin tashi daga aiki. Ma'aikatan suka ba ni 'yan kwalabe ƙanana, kowacce ba ta fi kan yatsa ba. Na jera su a tsakiyar ƙanƙara na rufe, na fito ina ganin mai wuyar ta wuce.

Wata tsohuwar mota na samu mai zuwa Bukuru. Ba mu yi nisa ba wayar direban ta yi ƙara. Ya saurara, ya gangara gefen titi a bakin wani ƙauye ya ce kowa ya sauka. Wai 'yan ƙungiyar direbobi sun shiga yajin aiki saboda kekunan da aka kama musu, kuma duk motar da aka gani da fasinja gilashinta zai yi bayani. Muna sauka ya karya kan mota ya bi wata hanyar gona.

Wanda bai zauna a Jos ba ba zai gane abin da titi babu mota yake yi wa zuciyar mutum ba. A wani gari yajin aiki ne kawai. Mu a nan, da hanya ta yi shiru sai kowa ya tuna shekarun rikici. Nan da nan kowa ya kara waya a kunne yana tambayar me ake ciki a gari, wanda aka kira shi ma tambayar yake yi. Masu shaguna suka fara jan ƙofa, ganin sun ja ƙofa ya sa masu tafiya suka ƙara sauri, saurinsu ya sa sauran shagunan suka rufe. Mahaifiyata ta kira ta ce ina nake. Na ce mata ina kusa, abin da ba gaskiya ba ne. Hulata tun a Bukuru na cire ta na sa a aljihu, kamar yadda yawancinmu muke yi idan za mu wuce wasu wurare, ba tare da wani ya taɓa koya mana ba. Fasinjojin da muka sauka tare duk suka watse, kowa da wanda ya sani a kusa. Hadari ya haɗu, iskar nan mai sanyi ta taso. Na ɗan girgiza kular, na ji ruwa ya fara motsi a ciki.

Wata dattijuwa ce a gefen titi tana kwashe kabeji da karas ɗinta cikin buhu. Ta dube ni, ta dubi kular da ke hannuna.

"Yarona, abinci ne a ciki ka rungume shi kamar jariri?"

Na gaya mata abin da ke ciki. Ashe ita ma tana da 'yan kajinta, kuma gumboro ta taɓa share mata ɗaki guda, don haka ban sha wahalar bayani ba. Ta ce sunanta Ngo Kaneng, gidanta na bayan duwatsun can, in ɗauki buhu ɗaya in biyo ta, ba a tsayawa a titi a rana irin ta yau. A Jos aka haife ni, a Jos na girma, amma ban taɓa kwana a gidan Kirista ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Da ba don rigakafin ba watakila da na fara tafiya a ƙasa. Amma ta ce akwai firiza a unguwarsu, sai na ɗauki buhun.

Gidajensu ba katanga ce ta raba su ba, shingen ƙerana ne mai ƙaya, ya fi mutum tsayi. Karnuka biyu suka taso mana, ta daka musu tsawa da yarensu suka koma. Firizar kuwa ashe a gidan giyar maƙwabcinta take, shi kaɗai ne mai janareta. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Wasu maza da ke zaune a ciki suka fara tsokana, wai malam ya zo shan ɗaya, a ba shi mai sanyi. Ngo ta ce musu wani abu, suka yi dariya suka matsa min. Da hannuna na naɗe kwalaben a leda na sa su tsakanin kwalaben giya, na ɗura ruwa a ledoji na jera don su daskare. Mai gidan ya gaya min gaskiya, ya ce man da ya rage masa kaɗan ne, da ya ƙare shi ke nan.

Da muka koma gida sai Ngo ta kamo zakara ta miƙo min da wuƙa. Ta ce ta san ba zan ci yankan da ba na Musulmi ba, to in yanka da kaina. A da, in ji ta, akwai wani malami maƙwabcinsu da yake yanka musu duk Kirsimeti don 'ya'yansa su ci tare da nata, amma sun koma cikin gari tun bayan rikici. Na karɓi wuƙar ina jin kunyar in gaya mata cewa ni da nake wuni cikin kaji ban taɓa yanka ko ɗaya ba, a gida mahaifina ne yake yi. Ina gyara masa fuka-fuki ya fizge ya shige cikin ƙerana. Sai da ɗanta Pam, wanda ya shigo da kekensa a lokacin, ya sa sanda ya koro shi. Ya danne min shi yana cewa ashe makarantar tamu a takarda ake yanka kaza.

Gwaten acca aka yi, da yakuwa da gauta a ciki, mai ɗan tsami, irin wanda ke korar sanyi. A gidanmu maza daban suke ci, mata daban, kuma ba a surutu a kan abinci. Su kuwa kowa da kowa a tebur ɗaya, jikoki na katse babba suna ba da labari. Suka rufe ido suka yi addu'a, na jira. Da suka buɗe sai na ga su ma ni suke jira, sai da na yi bisimilla a fili sannan aka sa hannu. Da na nemi wurin salla Ngo ta ciro sabon zane daga akwati ta shimfiɗa min, ita da Pam suka yi ta musu a kan inda gabas take, kowa yana nuna dutsen da rana ke fitowa ta bayansa. Ina cikin sallar isha na ji ƙarar janareta ta ɗauke.

Pam ne ya kawo mafita. Ya ce yajin aikin na fasinja ne. Kayan da ke lalacewa, irin su kabeji da tumatir da burodi, ana barinsu su wuce da sassafe, domin rabinsu na matan 'yan ƙungiyar ne. Gobe zai kai kabejin mahaifiyarsa, in na yarda in zauna a tsakanin buhuna a matsayin mai kaya. Amma shi iyakarsa wata gada ce a cikin gari. A ranakun da gari ba daɗi ba ya ƙetare ta. A nan yake haɗuwa da wani mai keke mai suna Sale, su yi musayar kaya, shi ya juyo da na Sale, Sale ya wuce da nasa. Ya ce sun yi shekaru a haka, ya san sunayen 'ya'yan Sale duka, amma bai san ƙofar gidansa ba.

Da asuba na ɗauko kayana daga firiza. Ledojin ba su gama daskarewa ba, bayansu ƙanƙara, cikinsu ruwa. Na shirya kwalaben, na zagaye murfin kular da salatif har sai da ya ƙare. Muka ɗaura buhuna, na shige tsakiya, Ngo ta cusa min dafaffen dankali a aljihu.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi komai ci min rai. Rigakafin nan a ruwan sha ake ba da shi, kuma sai an janye wa 'yan tsaki ruwa na ɗan lokaci, yadda da an ajiye za su shanye kafin maganin ya mutu. Ganin keke na gudu, titi fayau, sai na lissafa tafiyar kamar ta kowace rana. Na kira Hajiya na ce ta kwashe kwanukan ruwa yanzu, kafin ƙishi ya kama su na iso. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

A mashigar Bukuru muka tarar an gindaya benci da tayoyi. 'Yan ƙungiya ne da sanduna. Ɗaya ya leƙo ya ga ƙafata. Pam ya yi ta bayani, ya ce mai kaya ne, ya ce ƙanensa ne, ya ce ɗan makaranta ne. Babbansu ya ce bai taɓa ganin kabeji mai takalmi ba. Ko in sauka, ko a sace iskar taya huɗu har da safaya. Na buɗe baki in yi bayanin 'yan tsaki, amma babu wanda ya saurare ni.

Pam ya dube ni ya ce, "Oga, kai ne ba ka wucewa. Kula kaya ne. Ba ni shi."

Tun daga Vom, in ban da daren firiza, kular nan ba ta bar hannuna ba. Mutumin da na sani jiya da yamma zai kai ta ga mutumin da ban taɓa gani ba. Na tsaya riƙe da ita, masu sanduna na cewa mu yi sauri. Na ciro biro na rubuta sunan Hajiya da Naraguta a jikin salatif, a ƙasa na rubuta kada a buɗe. Pam ya cusa ta cikin kabeji ya ja keke.

Daga nan tafiyar ƙasa ce. Ba ni kaɗai ba ne, titi cike yake da ma'aikata da 'yan kasuwa, mata sun cire takalman ofis sun riƙe a hannu. Wani mai tifa ya ɗebi wasunmu ya ɗan rage mana hanya, da ya hango shinge a gaba ya sauke mu. Na kira Pam, ya ce ya ba Sale tun ɗazu, har ya juyo. Na nemi lambar Sale, na kira, a kashe. Hajiya ta kira ta ce ba ta ga kowa ba, 'yan tsaki sun fara taruwa a inda kwanukan suke. Na ce ta ƙara haƙuri. Rana ta ɗaga, ta sake kira, ta kara wayar a jikin ragar ɗakin don in ji kukansu. Ta ce in ta ba su ruwa yanzu ba za su sha maganin ba sai gobe, kuma ba ta da wutar da za ta ajiye shi zuwa gobe. In ta hana su kuma ga abin da nake ji. Ta ce in faɗa mata abin da za ta yi, tunda ni ne mai karatun. Na ce ta ƙara jira kaɗan. Ban san a kan me na dogara na faɗi haka ba.

Gadar da Pam ya faɗa ba wata babba ba ce, ƙarƙashinta kwata ce da shara. Babu soja, babu shinge, babu allo. Amma kowa ya san ta. Ina hawa na ga wani saurayi yana tahowa daga ɗaya ɓangaren, ya zare hularsa ya naɗe ya sa a aljihu. Muka haɗa ido, kowa ya kau da kai. Da na sauka na ciro tawa na sa. A lokacin diddigena ya riga ya saluɓe, sai na take bayan takalmin na ci gaba.

Bayan nan Hajiya ta daina ɗaukar waya. Na kira har na gaji. Wannan shirun ya fi kukan 'yan tsakin tayar min da hankali, don na san ta, in ranta ya ɓaci sosai ba ta magana.

A Farin Gada na tarar da kekuna a jere ƙarƙashin bishiya, masu su na zaune a benci. Na yi sallama na tambayi Sale. Wani siriri mai asuwaki a baki ya ɗago.

"Kai ne mai kular da aka yi wa likkafani?"

Na duba cikin kekensa, babu kabeji, babu kula. Ya ce in zauna in sha ruwa, na ce a'a. Sai ya ba ni labari a tsanake, yana yi yana tofar da asuwaki. Ya ce da Pam ya miƙo masa ya girgiza ya ji ruwa zalla. Ya ga rubutuna sarai, amma ya taɓa ɗaukar wa masu kaji irin wannan saƙo, ya san kula mai wannan ƙarar ba ta kai ko'ina. Ya sa reza ya yanke salatif, ya tsiyaye ruwan, ya tsaya wurin mai kifin ƙanƙara ya roƙi ɓarɓashin ƙanƙara ya cika ta. A nan ya ɓata lokaci, don sai da ya jira mai kifin ya buɗe. Da ya zo Farin Gada kuma aka ce lokacin kaya ya wuce, ko buhu ba ya bin hanyar Naraguta. Sai ya ɗaura ta a bayan keken hawan wani mai kai burodi ƙauyukan can. Na tambayi sunan mai burodin. Ya ce kowa Baba yake ce masa, kuma ba shi da waya.

Ban san yadda na ƙarasa ragowar hanyar ba. Ana kiran azahar na tura ƙofar gona. Abin da na fara lura da shi shi ne babu kuka. Na tsaya a bakin ɗakin na kasa leƙawa. Sai na ga kular a gindin rijiya, a buɗe, ƙudaje na bin ta saboda ƙarnin kifi, kuma har lokacin akwai sauran ƙanƙara a ƙasanta. Kwalaben na gefe, babu komai a ciki.

Hajiya na durƙushe a cikin ɗakin, zanenta duk dusar katako. Ta ce mai burodi ya iso ta riga ta ɗebo ruwan da za ta ba su ta haƙura. Ita kaɗai ta haɗa maganin, ita ta rarraba kwanuka, ta bi raunanan ɗaya bayan ɗaya tana tsoma musu baki, ina ta ga hannun ɗaukar waya. 'Yan tsakin sun sha sun ƙoshi, sun baje suna barci. Amma a kusurwa, inda suka yi ta danne juna suna neman ruwa, akwai waɗanda ba su tashi ba. Ba su da yawa, sun dai cika min tafin hannu biyu. Waɗannan ba cuta ce ta kashe su ba, wayar da na yi da asuba ce.

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta dubi ƙafata ta ce in je in binne su a bayan rijiya, in zo ta sa min magani, kuma gobe ko da ƙafa ne in zo da wuri, akwai dusa da za a canza.

Cutar ta gama da gonar maƙwabtanmu, ta tsallaka ta shiga wata a gabanmu. Namu yanzu sun yi fiffike, sun fara faɗa a kan abinci.